Farin dutsen da muka kwaso daga cikin hitar gidana

Hunturun bara ne hitar banɗakinmu ta fara wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana soya gyaɗa cikin yashi. Ban kula ba. Abin da ya fi damuna shi ne ruwan da yake isar mu mu huɗu kafin yara su tafi makaranta, yanzu mutum biyu na yin wanka ya huce. Wata asuba kuma ta ƙi yin zafi sam, uwargida ta koma ɗora tukunya a kan gas tana hararata.

Mai gyaran famfon da na kira dattijo ne marar yawan magana. Ya kashe wuta, ya rufe ruwa, ya tsiyaye tankin, sannan ya kwance kusoshin ƙasan hitar ya zaro elimen, wato ƙarfen da ke dumama ruwan. Da ƙyar na gane ƙarfe ne. Wani farin abu ya yi masa sulke, kamar an tsoma shi cikin kwaɓin siminti an bar shi ya bushe. Ya zura hannu cikin tankin yana kwaso ɓarɓashi, wani kamar ɓawon ƙwai, wani kamar tsakuwa, har ya kusa cika kwanon sha.

"Malam, ruwan bohol kuke amfani da shi ko?" Na ce e. Ya ce, "To ai shi ke nan. Ƙasar Sakkwato ce."

Gaskiyarsa. Unguwarmu ba ta da nisa da Kalambaina, inda ake haƙo dutsen da ake yin siminti da shi. Ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yana tahowa da sinadarin kalsiyam da magnesiyam a narke. Yana sanyi ba ka ganin komai, sai dai sabulu ya ƙi yin kumfa. Da ya ji wuta sai su rabu da ruwan, su manne wa wurin da ya fi zafi. Farin da ke gindin butar shayi ke nan, wanda na shekara ina gani ban taɓa kawo hita a raina ba.

Sai dai laifin ba na ƙasa ba ne kaɗai. Dattijon ya nuna mini maɓallin daidaita zafi, wanda na murɗe har ƙarshe, wajen digiri 75, tun ranar da aka kafa hitar. Hujjata ita ce wuta ba ta da tabbas, gara ruwa ya yi zafi sosai kafin a ɗauke. Ashe da zarar zafi ya haura digiri 60, taruwar farin nan sauri take ƙarawa. Shi kuma elimen da aka lulluɓe ba ya iya miƙa zafinsa ga ruwa da wuri, sai ya yi ta gasa kansa har ya ƙone. Da hannuna na kashe shi.

Na zauna na yi lissafi. Ɗaga ruwa lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin kusan yunit 2.3 na wuta, zuwa 75 kuwa kusan 3.2. A farashin watan Afrilun 2024, lokacin da aka kai yunit naira 225 ga 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, bambancin ya tasam ma naira 200 a kowane ciko. Ba duka ne asara ba, don ruwa mai zafi sosai ya fi ɗaukar sirki. Amma ya fi saurin zubar da zafinsa ta jikin tanki, hitar ta yi ta kunna kanta ba mai wanka. Na tsayar da maɓallin a 60. Ban yi ƙasa da haka ba, domin ruwa mai ɗumi-ɗumi da ya kwana a tanki shi ne gidan ƙwayar cutar da ke kama huhu.

Bana da Oktoba ta kama, na ce ni ma zan gwada da kaina. Na zaro elimen, na jiƙa shi cikin ruwan khal a roba. Nan take ya hau tsiii yana fitar da ƙananan kumfa, da safe farin ya yi laushi, tsohon buroshin haƙori ya gama aikin. Wani maƙwabci ya ba ni shawarar ruwan batir, wai ya fi sauri. Wannan kam zai ci ƙarfen ne har da hannun mai wankin. Kusa da elimen akwai wata sandar magnesiyam da ke kare tanki daga tsatsa, ta cinye ta koma kamar tsinken tsire, na sa sabuwa.

Inda na kwafsa shi ne wurin mayarwa. Ɗoki ya sa na kunna wuta tankin bai cika ba, elimen ya yi zafi a bushe, nan da nan ya tafi. Na koma wurin dattijon ina sosa ƙeya.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, ka buɗe famfon ruwan zafi, sai ka ga ruwa na zuba ba ya tari, sannan ka taɓa makunni." Ya karɓi kuɗin sabon elimen, na biyu cikin shekara guda, ya ɗauki jakarsa.