Yadda muke horar da ma'aikatan sashenmu da ɗan abin da ke hannu

Ni ke riƙe da sashen kula da kwamfutoci da intanet a wata jami'a a nan Kaduna. Kuɗin horaswa da ake ware mana a shekara, in aka tura mutum biyu bita Legas ya ƙare, kuma kuɗin mota da masauki da alawus ne ke cinye mafi yawansa. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni don kasuwa ta riƙa yanke darajarta, sai abin ya ƙara tsanani. Jarrabawar CCNA, wato satifiket ɗin kamfanin Cisco na ƙwarewa a haɗa hanyoyin sadarwar kwamfuta, dala 300 ce, dalar kuwa ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Tallafin ƙaro karatu na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, kuma malamai ya fi shafa, ba irinmu masu jan waya ba.

Sai na raba karatu da jarrabawa. Karatun ba sai an biya ba: Cisco Networking Academy na da darussa kyauta, da manhajar Packet Tracer da mutum zai haɗa hanyar sadarwa ta gwaji sukutum a kwamfutarsa, haka ma shafin Microsoft Learn na da darussa kyauta. Kuɗinmu na jarrabawa ne kawai, shi ma sai mutum ya ci ta gwaji a gabanmu.

Abin da ya fi yi mana amfani kuwa a sito muka same shi. Tsofaffin kwamfutoci da na'urorin rarraba intanet da ƙura ta rufe muka kwaso, muka haɗa su a wani ɗaki. Duk ranar Alhamis bayan la'asar ɗayanmu zai ɓata wani abu da gangan, saura su nemo matsalar. A nan yaranmu suka koyi Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ba tare da fargabar za su tsayar da shafin rajistar ɗalibai ba. A nan ne kuma na ga darajar wani dattijo da ya daɗe a sashen. Ba shi da satifiket, amma ya san inda kowace waya ta bi a ƙarƙashin ƙasa. Wani matashin injiniya ya ce masa, "Baba, don Allah a zana mana a takarda." Wannan zanen muke bi har yau duk lokacin da damina ta yi mana ɓarna.

Bitar waje ba mu daina ba, sai dai bi da bi ake zuwa, kuma wanda ya je sai ya dawo ya koyar da saura. An yi ƙorafi, ban kuma ga laifin kowa ba, don albashi ba ya kai wata, alawus ɗin nan shi ne ɗan abin da mutum ke sa rai. Shi ya sa na liƙa jerin sunaye a bango, kowa ya san lokacinsa, ni ne na ƙarshe.

Matsalar da ta rage min ita ce tafiyar waɗanda suka ƙware. Da mutum ya samu satifiket sai banki ko kamfanin sadarwa ya ɗauke shi, ba ni da abin da zan riƙe shi da shi. Yanzu kafin mu biya wa kowa kuɗin jarrabawa sai ya rubuta yadda yake aikinsa dalla-dalla, ya kuma koya wa na ƙasa da shi har ya iya yi shi kaɗai.