Awa bakwai a sama, babu ƙwayar barci

Jiya da daddare na dawo, har yanzu kunnena bai gama buɗewa ba. Ni mutum ne da ko ƙarar jirgi na ji a sama sai gabana ya faɗi, shi ya sa kwana goma kafin tafiyar na je na roƙi likita ta rubuta min diazepam, maganin kwantar da hankali da sa barci wanda aka fi sani da Valium. Ta ƙi, raina kuwa ya ɓaci matuƙa. Ta ce iskar cikin jirgi kamar ta kan dutse ce mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000, oksijin ya ragu, ita kuma ƙwayar rage ƙarfin numfashi take yi. Ga barci mai nauyi ba motsi, wanda a tafiyar da ta wuce awa 4 yake ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa. Ta kuma tuna min akwai ƙasashe irin su Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Japan masu tsananin doka a kan shiga da irin wannan magani. Shawararta ɗaya, in nemi kujera kusa da fiffike, nan ne girgiza ta fi sauƙi.

Na nema kuwa. Mutumin da ke kan kantar tikiti a filin jirgi ko ɗago kai bai yi ba, ya ce sai na biya ƙarin kuɗi, ya miƙo min tikitin can ƙuryar baya. Wannan ya yi min ciwo. Mutum ya faɗa maka tsoro yake ji, ai ko kallonsa ka yi.

Allah Ya haɗa ni da wata ma'aikaciyar jirgi mai kirki. Ta ga yadda na ƙanƙame hannun kujera, zufa na tsattsafo min, sai ta durƙusa ta ce, "Yallaɓai, in mun tashi za ka ji dum a ƙarƙashinka, tayoyi ne ke naɗewa. Bayan ɗan lokaci ƙarar inji za ta ragu, ka ji kamar muna faɗowa. Matuƙi ne ya sassauta, hawa muke yi." Haka aka yi, ɗaya bayan ɗaya. Da ban sani ba, wannan shirun injin kaɗai ya isa ya sa ni ihu. Na yi ta jan numfashi ina ƙirga huɗu, in sake shi a hankali ina ƙirga shida.

Tsakiyar dare muka shiga gargada. Na zuba wa kofin ruwan da ke gabana ido, yana ta rawa amma ko ɗigo bai zube ba. A mota, kan hanya mai ramuka, da tuni ya jiƙa min riga, kuma ban taɓa jin tsoron wannan ba. Maƙwabcina ya haɗiyi ƙwayarsa tun kafin mu tashi. Da aka kunna alamar ɗaura bel, sai da mutum biyu suka yi ta jijjiga shi kafin ya buɗe ido, bai ma san inda yake ba. Jiragen nan ana gwada su ne a kan kowa ya fice cikin sakan 90 in ta ɓaci. Na dube shi na ji tausayinsa, na kuma huce da likitata.

Saukar lafiya lau. A dawowa na biya kuɗin kujerar fiffike. Tafin hannuna ya yi gumi wajen tashi, amma na ci abinci, har na yi gyangyaɗi na kusan awa guda.