Accar da na tarar a Liyon

Ranar farko da na shiga kicin ɗin makarantar koyon girki a birnin Liyon na ƙasar Faransa, buhun albasa aka ajiye mini da wuƙa. Ni kuwa burodi da kek ne suka sa na bar Jos. Sati biyu cur ina yankan albasa da karas. Malaminmu, wani dattijo mai kaushin hannu, yakan zo ya ɗebi kaɗan a tafinsa, ya duba, ya ce in sake. Dalilinsa shi ne idan yankan bai zo girma ɗaya ba, ƙananan za su ƙone kafin manyan su nuna. Da daddare nakan koma ɗaki yatsuna suna zogi, ina kewar gida.

Romon ƙashi ne ya fara sauya mini tunani. Sai an gasa ƙashin maraƙi ya yi ja, a zuba ruwan sanyi, a bar shi a kan ƙaramar wuta kusan awa takwas, kana tsaye kana kwashe kumfa. Da ka bari ya tafasa da ƙarfi, romon ya gurɓace, aikin yini ya tafi. A kan irin wannan romo ake gina wasu daga cikin manyan miya biyar da shahararren mai girkin nan Escoffier ya tsara wa girkin Faransa. Ina tsaye gaban tukunyar nan sai Innata ta faɗo mini a rai, yadda take rage itace a murhu idan ta ɗora ganda, tana cewa wuta ba ta son gaggawa. Da can na ɗauka tsufa ne ke sa ta jinkiri.

Akwai wahala guda. Liyon gari ne da girkinsa ya dogara sosai da naman alade da giya. Tun farko na faɗa wa malamin cewa ba na ɗanɗana su, kuma bai ja da ni ba. Ya nuna mini yadda zan samo tsamin da giya ke ba girki ta hanyar amfani da ruwan inabi marar barasa da ɗan binega. Naman da nake ci kuwa a unguwar Giyotiyer nake saye, gefen kogin Ron, inda mahautan Larabawa da shagunan 'yan Afirka suke.

A ɗaya daga cikin shagunan nan na ga wata 'yar leda an rubuta mata fonio. Na ɗaga, na girgiza. Acca ce! Accar da muke auna wa da mudu a kasuwa, wadda nake ture wa tun ina yarinya ina cewa a ba ni shinkafa. Idona ya cika da hawaye a tsakiyar shagon.

A kicin ɗin akwai al'adar ma'aikata su zauna su ci abinci tare kafin a fara aiki. Da layi ya zo kaina na yi musu gwaten acca da alayyafo, na jefa daddawar da Goggo ta ƙulle mini a jaka. Malamin ya kai cokali na farko, ya yi shiru, sannan ya fara tambaya. Daga wace bishiya? Kwana nawa ake rufe ta? Wa ke yin ta? Na san sunan cuku iri-iri na ƙasarsu, amma daddawa ta gagare ni bayani. Kunyar ta daɗe a zuciyata.

Da na dawo, wajen Goggo na fara zuwa. Na ce, “Goggo, koya mini daddawa.” Ta dube ni ta ce, “Ke da kika yi karatu a Turai?” Amma ta zaunar da ni. Muka dafa kalwa har ta yi laushi, muka surfe ɓawon, muka wanke, muka sake dafawa, muka rufe ta kwana uku. Duk safiya takan ɗaga murfin ta shinshina, ba ta taɓa duba agogo ba. Ni ce ke rubutawa a littafi, har da awon gishiri a sikeli.

Yanzu bayan sallar asuba nake fita kasuwar Farin Gada, cikin sanyin nan na Jos da ke ratsa ƙashi. Tudunmu ya kai kimanin mita 1,200, shi ya sa dankalin turawa da kabeji da karas suke yin kyau a nan. Ina tsayawa in tambayi mai kaya daga ina dankalinsa ya fito, Bokkos ko Mangu, kuma yaushe aka tone shi. Wani dattijo da nake saye a wajensa ya saba da ni, da ya hango ni sai ya karce ɓawon guda ɗaya da farce, ya miƙo mini in gani.