Alhamis, an kai bunsurun Abba Maigatari

Ana idar da sallar asuba Malam ya ɗaure bunsurun a bayan babur ya nufi Maigatari, yau kasuwarta ke ci. Riɗi ya isa yanka, in aka bar shi ya bushe a tsaye kwanson fashewa yake ya zube a ƙasa, dole a nemo kuɗin 'yan ƙwadago. Ba wanda ya tuna da Abba, alhali shi yake kai wa dabbar nan dusa da harawa tun tana tsotso.

Yau ba makarantar allo, sai da rana ta fito ya tashi. Ya je ya tarar da igiya kawai a turke. Ya yi jifa da kwanon kokonsa, ya faɗi yana birgima, ƙanwarsa ta matso ya ture ta har ta bugi turmi da goshi. Inna ta ce, "Kai tashi, namiji da kuka a kan dabba?" Baffansa kuwa har ya karyo tsumagiya.

Na ce, "Baffan yara, don Allah bar min shi."

Yarinyar na fara dubawa, ɗan ƙulu ne kawai. Sannan na ja shi ƙarƙashin darbejiya na zaunar da shi, na tsuguna kusa da shi ban ce komai ba. Yaro ɗan shekara 6 da zuciya ta ɗebe shi ba ya jin wa'azi. Masana sun ce sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. To me muke nema a wurin wanda ko famfara bai gama ba? Manya ma Manzon Allah (SAW) dabara ya koya musu: mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa, ya nemi tsari daga Shaiɗan. Na ɗebo ruwan randa na wanke masa fuska, muka ja numfashi tare a hankali.

Da ajiyar zuciya ta fara zuwa na ce, "Ranka ya ɓaci don an tafi da shi ba a gaya maka ba, ko?" Ya gyaɗa kai, kukan ya dawo, amma wani iri dabam, ba ihu a cikinsa. Na bar shi ya yi abinsa. Sai daga baya na ce masa kuka ba laifi ba ne, ture ƙanwarsa ne laifi. Shi da kansa ya je ya shafa mata goshi, ya kwashe kokon da ya zubar.

Inna ta ce shagwaɓa shi nake yi. Ina ganin girmanta, ta raini yara da jikoki, amma a nan ban bi ta ba. Anas ɗan Malik ya ba da labarin ƙanensa Abu Umair, wanda ɗan tsuntsun da yake wasa da shi ya mutu. Annabi bai raina damuwarsa ba, tambayarsa ya yi labarin tsuntsun cikin lallashi. Yaron da ake rufe wa baki da bulala yana yin shiru, gaskiya ne, sai dai fushin na nan, kuma a kan na ƙasa da shi yake sauke shi.

Bayan magariba Malam ya dawo, na ba shi labari. Ya kira Abba ya yi masa bayanin riɗi da kuɗin aiki. Abba ya ce, "Baba, yanka shi za a yi?" Malam ya ce, "Wataƙila. Ban san wanda zai ƙare a hannunsa ba." Na ji daɗi da bai yi masa ƙarya ba. Na roƙe shi in za a sake fitar da dabba a gaya wa yaran tun da dare, ya ce to.

Gobe masu yanka za su shiga gona da sassafe, ga shi ban surfa geron kununsu ba.