Godiya Bayan Aikin Muƙamuƙin Ɗana

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdu lillahi, jiya likita ya kwance wayar da aka ɗaure haƙoran ɗana da ita, bayan sati 6 cif bakinsa a rufe. Da muka dawo gida mahaifiyarsa ta tuƙa masa tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka. Loma uku ya ci da ƙyar, ita kuwa tana gefe tana share hawaye.

Ga waɗanda labari bai kai musu ba, faɗuwa ya yi a babur, muƙamuƙinsa na ƙasa ya karye wuri biyu. Mun ɗauka haƙori ne kawai ya girgiza, sai muka lura in ya rufe baki haƙoran sama da na ƙasa ba sa haɗuwa, leɓensa na ƙasa kuma ya daina jin taɓi. Har an fara maganar mai ɗori, maƙwabcina ya tsaya kai da fata sai asibiti, ya kai mu da motarsa a daren. Alhaji, Allah Ya biya ka.

A sashen tiyatar baki da muƙamuƙi aka ɗauki hoto, aka ɗebi jini. Likita ya zaunar da mu ya nuna mana karayar da bakin biro, ya ce za a sa ɗan ƙarfe da ƙananan ƙusoshi ta cikin baki don kada tabo ya fito a fuska, sannan a ɗaure haƙoran. Hannuna na rawa na sa hannu a takardar amincewa. Likitar allurar barci ta zo da dare ta ce kada ya ci komai daga sha biyu, ta kuma gaya mana ta hanci za a zura bututun numfashi tunda bakin ne wurin aiki. Ba don wannan bayani ba, da ɗigon jinin da muka gani a hancinsa bayan fitowa ya tayar mana da hankali. Haka kumburin kwana na biyu da na uku, da fuskar ta koma kamar ba tasa ba: an riga an faɗa mana, nas ta ƙara masa matashi ta ce zai sace, ya kuwa sace.

Wahalar gaske a gida take. Koko, kunun gyaɗa, madara, romon kaza tatacce, duk da sirinji ake tura masa ta gefen kunci, bayan kowane sha a kurkure da ruwan ɗumi da gishiri. An ba mu ɗan almakashin yanke waya saboda ko amai zai taso, ni kuwa ban taɓa kwanciya ba sai na laluba na ji shi a gefen gado. Yaro ya rame, magana sai a rubuce a waya.

Gwaggo, ke kika ɗauki damun nan safe da yamma ba gajiya, ban san da bakin da zan gode miki ba. Abokansa biyu da suka zo da niyyar ba da jini, jama'ar masallacinmu da suka haɗa gudummawa ba mu roƙa ba, nas-nas na dare, da baiwar Allah mai jinya a gadon kusa da ta riƙa lallashin mahaifiyarsa, Allah Ya saka muku da mafificin alheri.

Yanzu yana koyon buɗe baki a hankali, an hana shi tauna nama da rake tukuna, leɓen ma bai gama farfaɗowa ba. Nan da sati 2 za mu koma ganin likita, a ci gaba da sa shi a addu'a.