Asabar a Napoli, da matar da ta ba mu baya

Wajen ƙarfe goma na safe mai kawo saƙo ya danna ƙararrawa. Ina tsakiyar wanke-wanke, na goge hannu a zani na sauka da gudu. Hoton da na saya ta intanet mako biyu da suka wuce ne ya iso, a cikin wani siririn kwali.

Tun watan jiya da muka je gidan adana kayan tarihi na Napoli, a Italiya, hoton nan ya tsaya mini a rai. Ana kiransa Flora, wadda Rumawan da suka ɗauka a matsayin uwar furanni. An tono shi a 1759 a wani gida da ke Istabiya, garin da dutsen Besubiyo mai aman wuta ya binne da toka a shekara ta 79 miladiyya, tare da Fomfei. Asalinsa ɗan ƙarami ne, bai kai kamu ɗaya ba. Mace ce ba takalmi, sanye da riga rawaya da ta zame daga kafaɗa ɗaya, tana tafiya a cikin wani kore mai sanyin ido. Ta miƙa hannun dama tana tsinkar farin fure, ta juya baya, ba a ganin komai na fuskarta sai gefen kunci. Na fi minti goma a gabanta har 'yata Ummi ta fara jan gyalena.

Da na buɗe kwalin sai gabana ya faɗi. Masu shagon sun gyara ta da kwamfuta. Sun share duk tsagar bangon, sun cike wuraren da fenti ya ɓantare, koren nan kuma sun ƙara masa kaifi har ya koma kamar ledar shimfiɗa a teburi. Girmansa ma ya ninka na asali. Na zauna a bakin kujera da shi a cinya, raina a jagule.

Abin da ya sa ya dame ni shi ne yadda aka yi ainihin zanen. Ba a kan takarda aka yi shi aka rataye ba, a jikin bangon yake. Magini zai yi shafe hawa-hawa, na ƙasa da yashi, na sama da garin marmara, mai zane kuma ya bi da launi tun shafen yana ɗanye. Idan ya bushe, launin ya shige ciki ke nan, sun zama abu guda. Saboda haka ba a shafe sai iya inda za a iya zanawa kafin ya sha iska. Ya tuna mini da maginan Zariya da ke fitar da zanen dagi a fuskar gida da hannu tun laka ba ta bushe ba. Waɗanda suka tono Flora sai da suka yanke ta daga bangon ɗakin kafin su kai ta inda take yanzu. Tsagar nan ita ce shaidar cewa ta taɓa zama bangon ɗakin wasu mutane, kuma ita masu shago suka ga ya kamata a goge.

Bayan azahar Baban Ummi ya dawo, ya duba ya ce, "Maman Ummi, ba dai a falo ba. Nan muke salla." Ban yi musu ba, don ni ma na yi wannan tunanin tun kafin in saya, shi ya sa ma na zaɓi wadda ba ta kallon kowa. Muka yarda a sa ta a lungun da ke tsakanin kicin da ɗakin kwana. Mai gidan hayarmu ya hana buga ƙusa, don haka da maƙala mai gam muka liƙa. Sau uku yana cirewa yana mayarwa, ina daga baya ina cewa dama ta ɗan sauka.

Zaɓin ma bai zo da sauƙi ba. Yawancin zanen almarar Rumawa ba abin da zan sa a gaban yarinya 'yar shekara shida ba ne. A gidan Betti da ke Fomfei, wanda aka sake buɗewa a Janairun 2023 bayan dogon gyara, akwai ɗaki guda da aka zana sarki Fentiyus mata na yayyaga shi, har da uwar da ta haife shi, a ɗaya bangon kuma ana ɗaure sarauniya Dirsi a jikin bijimi. A irin ɗakin nan ake karɓar baƙi. Masu gidan, waɗanda ake kyautata zaton 'yantattun bayi ne da suka yi arziki, suna son baƙo ya ga sun san labaran nan kamar kowane ɗan babban gida. Ni dai ba zan iya cin tuwo a ƙarƙashin wannan ba.

Ummi ta tsaya a gaban hoton ta ce, "Umma, ina za ta?" Na ce furanni take tsinka. Ta ce to me ya sa ba ta juyo ba. Na ce hankalinta yana kan furen. Ta yi shiru, sannan ta je ta tsaya daga gefe tana leƙe, ko za ta hango fuskar.

Da dare na tuna wani ɗakin cin abinci mai baƙin bango da aka sanar da ganowa a Fomfei a Afrilun 2024, mai ɗauke da zanen Helen da Faris, masoyan wata almara. An yi bangonsa baƙi ne don kada hayaƙin fitila ya nuna, kuma a hasken fitilar mai da ke rawa mutanen zanen kan zama kamar suna motsi. Na kashe wutar lungu na kunna kyandir na matso da shi. Ba abin da na gani sai harshen wutar yana ƙyalli a gilashin firam.

Na rubuta wa shagon kafin in kwanta. Na roƙe su su buga mini hoton yadda yake a gidan tarihi, da tsagarsa da dusashen korensa, a girmansa na asali, a takarda marar sheƙi, ba gilashi. Na ce zan biya kuɗin aikawa. Sai Litinin za su buɗe.