Kowa da sana'ar da ya shigo da ita lokeshan

Ranar Asabar da ta wuce muna wani gida a Unguwar Sanusi muna jiran a kawo man janareto, sai wata yarinya ɗalibar Kaduna Polytechnic da ta zo ganin yadda ake aiki ta tambaye ni: "Yaya, a wace makaranta ka koyi tace fim?" Dariya ta sa har na ƙware da ruwan leda. Na ce ta dubi mu 11 ɗin da ke tsakar gidan ta nuna min wanda ya yi mata kama da mai takardar fim. Ta nuna Baba mai haske, wai saboda gilashinsa.

Baba bai taɓa zama a ajin fim ba. Ma'aikacin lantarki ne a wata masaƙa a Kakuri, har lokacin da masaƙun suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 2000. Ya dawo gida da 'ya'ya 7 da jakar kayan aiki. Ya yi wayarin a sababbin gidaje a Rigasa, ya yi gyaran fanka. Wata rana aka kira shi ya gyara fitilar da ta ƙone ana tsakiyar ɗaukar wani fim, ya gyara, ya tsaya kallo, sai ya ce wa darakta fitilar nan in aka haska ta a bango ta dawo, fuskar yarinyar za ta daina ƙyalli kamar an shafa mata man gyaɗa. Tun ranar bai bar lokeshan ba. Har yau da kunnen masaƙa yake aiki: janareto na canza murya zai ce a kashe fitilu, kafin mu ankara wuta ta yi sama. Bai san sunan fitilun da Turanci ba. Akwai "babbar", akwai "mai zafin", akwai wadda yake kira "amarya" don ba ta son wahala.

Ni kuma bidiyon biki ne ya haife ni. Ina aji 2 a sakandare na fara riƙe wa kawuna waya da fitila yana ɗaukar kamu da ɗaurin aure da walimar sauka a Tudun Wada, da wata ƙatuwar kamara mai cin kaset da ke sa kafaɗa ciwo. Biki ya koya min abin da ba a koya a zaune: amarya ba ta kuka sau biyu, in ka rasa ka rasa. Amma ya bar min wani mugun hali. A biki dole kowa ya ga fuskarsa a kaset, in ba haka ba gwaggon ango ta zo har shago. Da na fara tace fim sai na kasa yankewa, ina barin jarumi ya fito daga mota, ya rufe ƙofa, ya taka har zaure, ya yi sallama, a amsa. Wani darakta ya taɓa dafa ni ya ce, "Malam, ba kuɗin liƙi za a ba ka ba, yanke." Na fi shekara 3 kafin hannuna ya saki.

Mai kula mana da sutura tela ce a Kasuwar Barci, kuma ita ce mai kwantiniti, wato mai lura kada shiga ta canza tsakanin ɗauka da ɗauka, ba tare da an naɗa ta ba, domin idon tela ba ya mance ɗaurin ɗankwali. In jaruma ta ɗaura shi dama jiya ta dawo da shi hagu yau, daga bakin ƙofa za ka ji, "Hajiya, ba haka kika fita ba." Marubucinmu malamin firamare ne da ya fara da rubuta labarin soyayya yana turawa a WhatsApp shafi-shafi. Furodusa kuwa kayan waya yake sayarwa, kuma ribar caja da batir muke ci.

Wannan ba sabon abu ba ne, haka tushen yake. Marigayi Usman Baba Pategi soja ne, barikin da ya sani ya kwaso ya zuba a Samanja Mazan Fama a talabijin na Kaduna, shi ya sa Hausar barikinsa ba ta yi kama da ta kwaikwayo ba. Turmin Danya na 1990, wanda ake ƙirga farkon fim ɗin bidiyo na Hausa daga kansa, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta yi shi a Kano. Ado Ahmad Gidan Dabino marubucin littafi ne kafin ya mai da In Da So Da Ƙauna fim. Ali Nuhu da yanzu ke shugabancin Hukumar Fina-finai ta Najeriya ilimin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos. Ko mujallar Fim, da Ibrahim Sheme ya kafa a nan Kaduna a 1999, daga aikin jarida ta fito.

Sai yaran nan na Kaduna masu shirya gajerun fina-finai, 'yan Critics Company, da duniya ta ji labarinsu a 2019. Da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle suka fara, YouTube ne malaminsu, har daraktan Hollywood J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki daga Amurka. Ranar da na ga aikinsu na kwana ina tunanin yawan lokutan da na ɗora laifin ragwancina a kan tsohuwar kwamfuta.

Amma ba zan yi mana kirari da yawa ba, don na san inda muke ɗingishi. Sauti ne. Wani yaro da ya gama makarantar koyon fim ta ƙasa da ke Jos ya yi aiki da mu fim ɗaya. Duk ɗakin da aka gama sin sai ya ce kowa ya yi shiru na minti 1, zai ɗauki shirun ɗakin. Muka riƙa ƙunshe dariya, Baba ya ce yaro ya zo da sabon zikiri. Sai da na zauna tacewa na gane: da shirun nan nake cike ramin da ke tsakanin maganar mutum biyu, kunne ba ya jin inda aka yanka. Shekara 15 ina fama da wannan tsallen sautin, ashe maganinsa minti 1 ne. Yaron bai daɗe ba. Sallamar da muke iya bayarwa ba ta kai kuɗin hayarsa ba, ya wuce Abuja yana ɗaukar talla.

Kuma gaskiya babu ɗayanmu da ya saki sana'arsa ta farko, don fim ɗin bai riƙe kowa ba. Zamanin kaset da sidi furodusa na kai fim wurin 'yan kasuwa a Kano ya karɓo wani abu. Masu tura fim a waya suka kashe wannan kasuwar, yanzu sai mai dogon zango a YouTube, ka saki kashi-kashi kana duba yawan masu kallo kamar manomi na duban hadari. Saboda haka ba ma ɗauka sai Asabar da Lahadi. Makon Sallah kuwa ko an ɗaure tela ba za ta zo ba, ni ma watan da bukukuwa suka yi yawa ba a ganina.

Man janareton bai iso ba sai bayan la'asar, rana ta riga ta karkata. Darakta ya ce a ɗauki sin ɗin tsakar gida da hasken da ya rage. Baba ya jawo kwalin firij ɗinsa da ya liƙa wa takardar ƙyalli, ya miƙa wa ɗalibar nan ya ce, "Riƙe nan 'yata, ki karkato shi har ki ga hasken ya zauna a kumatun jarumar, kada ya shiga ido." Ta ajiye littafinta da biro a kan turmi ta karɓa. Sau 6 muka maimaita sin ɗin saboda akuyar maƙwabta, hannunta na rawa amma ba ta sauke ba. Da za ta tafi ta tambayi furodusa ƙarfe nawa za a fara ranar Asabar mai zuwa.